Me za mu kira "lichen" da Hausa?

Malam Habu: Jama'a, ina fassara bayani kan abincin da ake tsira da shi a arewacin Kanada da Girinlan, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Abin nan ne mai kama da busasshen ɓawo da ke mannewa jikin dutse, irin wanda ake gani a duwatsun Jos. Na rubuta gansakuka, amma raina bai kwanta ba.

Malama Ladi: Gansakuka ta kama rabi kawai, Malam. Halitta biyu ce a jiki ɗaya: funfuna ce ke yin gangar jikin tana riƙe danshi, gansakukar da ke ciki kuma tana haɗa abinci da hasken rana. Ba saiwa, ba fure. Girmanta ma na wahainiya ne: wadda barewar ƙanƙara, wato barewar ƙasashen sanyi na arewacin duniya, ke ci ba ta cika wuce milimita 3 zuwa 5 a shekara ba.

Alhaji Ɗanjuma: To, a ce makeron dutse mana, tunda zagaye take yi kamar makero a ka.

Malama Ladi: Haba Alhaji, abin da za a sa a tukunya a raɗa masa sunan cuta? Kuma ba a dutse kaɗai take fitowa ba, har a kan ƙasa da jikin itace.

Malam Isiyaku: Kafin suna, a san yadda ake cinta. Ɗanyarta na da sinadari mai ɗaci da ke murɗa ciki. A 1821 mutanen John Franklin, Baturen Ingila mai yawon binciken ƙasashe, sun dogara da wata irinta mai faɗi ta jikin dutse a arewacin Kanada, ta riƙa sa su zawo. Cikin mutum 20, 11 ba su dawo ba. Don a cire ɗacin, a kankare ta, a wanke tsakuwa, a jiƙa ta kwana a ruwan toka, dabarar da iyayenmu mata suka sani. A zubar da ruwan, a ɗauraye, a sake jiƙawa har ɗacin ya fita, sannan a tafasa sai ta yi yauƙi. Haka mutanen Aisilan ke yi wa tasu kafin su dafa da madara. Duk da haka cika ciki ta fi yi, don hanjin mutum ba ya narkar da yawancin sitacinta. Mai launin ruwan ɗorawa kuwa a bar ta. Da irinta aka riƙa kashe kyarkeci a Suwidin da Nowe.

Malam Habu: Kenan dole sunan ya karɓi siffa a bayansa, don a raba mai ci da mai guba.

Malama Ladi: Gansakukar tudu. Muna da na ruwa da na tudu a komai. Sai a ce gansakukar tudu ta barewa, gansakukar tudu rawaya. Ta Franklin kuma tumbin dutse, kamar yadda Faransawan Kanada suka kira ta, don jiƙaƙƙiyarta sak tumbi.

Alhaji Ɗanjuma: Na janye makero. Tumbin dutsen nan dai ba da ni ba.