Shawarwarin ma'aikatan ɗakin gwaji kan horon kula da sinadarai

A zaman da muka yi da ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje na jami'a, baki ya zo ɗaya kan cewa horon ya haɗa da masu shara da masu wanke kwalabe, kuma a yi musu shi da Hausa. Su ke fara shiga da safe, su ke taɓa abin da ya zube. Nan ne abin ya fi damuna, domin mai goge ƙasa da bilic bai san cewa in ya haɗu da asid yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi ba.

Wata malama ta nanata cewa asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa cikin asid. In sinadari ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, don haka a duba famfo kafin a fara aiki.

In aka ɗauke wuta, fankar zuƙe hayaƙi ta tsaya, a rufe kwalabe a dakata. Gefen hijabi a cusa shi cikin farar rigar aiki. Kwalbar da ba suna a jikinta kuwa, kada a shinshina, a ware ta a kira shugaban ɗakin.