Abin da aka ce kan saye da sayar da kayan hannu a ƙauyukanmu

Jama'a, ga abin da na tattaro daga maganganunku:

1. Mafi yawa sun ce talla a zauren WhatsApp na gari ya fi na Facebook saurin samun mai saye, don an san gidan kowa. A sa hoto da farashi, a faɗi aibin kaya tun farko.

2. Kada a tura kuɗi, ko da kafin alƙalami ne, sai an ga kaya ido da ido. Babur, injin ban ruwa da waya kuwa, a nemi rasit da shaidu. Wasu suka ce har gaban mai unguwa a je, saboda kayan sata. Ni ma nan nake.

3. An rabu kan dillalai. Wasu na ganin la'ada asara ce. Matan aure kuwa suka ce ba don dillaliya ba, da ba su iya sayar da gado ko kwanuka cikin rufin asiri ba.

4. Dabbobi a kai su kasuwa: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a.

5. In kyauta ce, a fara da maƙwabta, kuma kada a ɗora hoton wanda aka ba.