Maganin kama ƙasa a filin ciyawar ado: lokacin fesawa, awo, da abin da ke ɓata shi

Mai kula da lambu, Abuja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Damina ta ƙarato, kuma duk mai kula da ciyawar ado a harabar gida, makaranta ko filin ƙwallo ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko: harkiya, tuji da gude-gude su cika fili, a yi ta tsuguno ana cira har Satumba. Ina so kowa ya kawo abin da ya gwada da hannunsa game da maganin kama ƙasa, wanda ake fesawa tun ciyawar banza ba ta fito ba.

Bari in fara. A kan kiri-kiri, wadda masu sayar da furanni ke kira Bamuda, fendimetalin nake sawa. Shi ne mai ruwan ɗorawa ɗin nan da za ku ga an rubuta Pendimethalin a jikin kwalba, irin su Stomp. Abin da za a fara ganewa shi ne ba ya kashe iri. Irin da ke kwance bai motsa ba, babu abin da zai same shi. Maganin a saman ƙasa yake zama, kaurin gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Idan iri ya tsaga ya turo saiwa, sai ya hana saiwar girma, tsiron ya mutu tun bai leƙo ba. Ciyawar da ka riga ka gani da ido kuwa, ta wuce shi.

Malamin gona, Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda yawancin asara take. Mutum zai jira sai fili ya yi kore da harkiya sannan ya sayo magani, in bai yi aiki ba ya ce jabu ne. A ƙasarmu danshi ne ke tayar da iri. Da zarar ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, cikin 'yan kwanaki harkiya ta tsaga. Saboda haka kowa ya duba lokacin ruwan garinsu: Abuja wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu, Kaduna Afrilu zuwa Mayu, Kano da Sakkwato da Maiduguri sai ƙarshen Mayu ko Yuni.

Wanda ba shi da ruwan ban-ruwa, ya shirya komai ya ajiye. Ranar da aka yi ruwan farko mai jiƙa ƙasa, washegari da safe ya fesa, kada ya wuce kwana biyu. Ban yarda a fesa a busasshiyar ƙasa a bar shi sati biyu ana jiran hadari ba. Rana tana cin fendimetalin, zafi kuma yana sa wani ɓangarensa ya bi iska, kafin ruwa ya zo ƙarfinsa ya ragu.

Mai kula da lambu, Abuja:
Haka ne ranka ya daɗe, amma mai burtsatse ba sai ya jira sama ba. Ni sati ɗaya ko biyu kafin lokacin ruwa nake fesawa, in shayar da kaina a ranar ko washegari. Ruwan da ake so kamar milimita 12 ne. Kada adadin ya yi muku ƙanƙanta: milimita ɗaya lita ɗaya ce a kowane murabba'in mita, ke nan fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi zai sha lita 1,200, duro shida. Yayyafin minti biyar da tiyo ganye kawai yake jiƙawa, maganin yana nan maƙale a jikin ciyawa bai sauka inda iri yake ba. Ku ajiye gwangwanayen kifi huɗu ko biyar a wurare daban-daban a filin, ku bar ruwa na zuba har ya kai faɗin ɗan yatsa a cikinsu.

Mai feshi, Zariya:
Ni maganar awo zan yi, don nan ne ake ƙona fili ko a zubar da kuɗi. Kowa na cewa gwangwanin madara ɗaya na magani a famfon feshi na goyo. To famfon wa, kuma tafiyar wa? Mutum biyu da famfo iri ɗaya, wani zai ƙarar da lita 15 a fili kaɗan, wani ya kai ninkinsa.

Ga yadda nake yi. Ka auna mita 10 da mita 10, ka kafa turaku. Ka cika famfo da ruwa zalla har layin lita 15. Ka fesa wurin da tafiyar da ka saba, hannu na bugawa daidai, bakin famfo kamar tsayin gwiwa daga ƙasa. In ka gama, ka mayar da ruwan da ya ragu da abin awo har ya koma layi. A ce lita 2 ka mayar. Ke nan lita 200 kake zubawa a hekta, kuma famfo ɗaya zai rufe murabba'in mita 750.

Sai ka koma kan takardar kwalba. In ta ce lita 3 a hekta, kowace lita a hekta daidai take da mililita 10 a wurin nan da ka auna. Wato mililita 30 a murabba'in mita 100, mililita 225 a famfo. Amma wanda tafiyarsa ke da nauyi, ya mayar da lita 3, famfonsa murabba'in mita 500 kawai zai rufe, nasa mililita 150 ne. In ya zuba 225 ya ƙara rabin ƙima a kan ciyawar. Ga ƙaramin fili ku nemi babban sirinji, ya fi murfin kwalba gaskiya, kuma kada ya sake shiga cikin gida.

Bakin famfo ma a kula. Wanda ke fesawa a zagaye kamar hazo na ƙwari ne. A sa mai baje ruwa kamar mafici, kowane layi ya ɗan hau gefen wanda ya gabace shi. In bayan wata ɗaya ka ga harkiya ta fito a jere kamar an ja layi, giɓin da ka bari tsakanin tafiya ne. Ruwa rabin famfo ake fara zubawa, a sa magani, a girgiza, sannan a cika, kuma a tace ruwan da ƙyalle don laka na toshe baki. Da sassafe, kafin iska ta tashi.

Mai shagon maganin gona, Funtuwa:
Allah ya ƙara sani, Malam mai feshi. Ƙari ɗaya: a duba lambar da ke gaban sunan. Akwai 330, akwai 455, akwai 500, giram na maganin ne a cikin lita ɗaya. Ƙarfin da mililita 30 na mai 500 ke bayarwa, mai 455 sai 33, mai 330 kuma sai wajen 45. Wanda aka rubuta CS a kwalbarsa, wato maganin na rufe cikin 'yan ƙananan ƙwayoyi, bai kai mai EC, wanda aka narka a mai, rina wuri da wari ba.

Abin da nake hana masu lambu kullum shi ne ɗaukar maganin masara su kai kan ciyawar ado don sun ji shi ma kama ƙasa ne. Atrazin, da irin su Primextra da ke ɗauke da shi, don masara aka yi su. Kiri-kiri mai girma tana yin ɗorawa ta tsuke in ta sha shi, kuma ruwa na tafiya da shi cikin ƙasa, saiwar furanni da ƙananan itatuwa ta zuƙa, ga rijiyar gida a kusa. Butakilo na shinkafa ne. Gilaifoset kuma ba kama ƙasa ba ne sam, kore duk da ya taɓa zai kashe, har da ciyawar da kake tattali. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a guji wanda aka ɗura a robar lemo. In ciyawarka ba kiri-kiri ba ce, ka gwada a lungu ɗaya ka jira sati biyu tukuna.

Hajiya mai furanni, Kano:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da nake gani a gidaje shi ne matsalar taki. Za a fesa magani yau, bayan kwana goma a kawo tifar baƙar ƙasa ko kashin shanu a baje a kai. Takin nan cike yake da irin tuji da zaki-banza, kuma ya zauna ne a saman maganin, sai ya tsiro abinsa. A juya tsarin: a yanke ciyawa, a kwashe abin da aka yanke, a baje taki ruɓaɓɓe, a shayar ya kwanta, a cire duk ciyawar banzar da ta riga ta fito, sannan magani ya zo ƙarshe. Bayan nan ba kaftu, ba tono, don duk inda fartanya ta juya ƙasa an buɗe ƙofa.

Sai rini. Ɗigo ɗaya a kan farin tayil ko intalok zai bar ɗorawa mai wuyar fita, haka tufafi da takalmi. A sa kwali a tare bakin daɓe, in ya zuba a wanke nan take tun bai bushe ba. Wanda ke da kwamin kifi a gida ya yi hattara ƙwarai, fendimetalin guba ne ga kifi, kada ruwan wankin famfo ko kwararar fili ta gangara can. Yara da kaji su kauce har an shayar wurin ya bushe. Kuma don Allah ciyawar da aka yanke daga filin da aka fesa kada a ba ragon layya ko awaki.

Mai kula da filin ƙwallo, Jos:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni gargaɗina kan sabon dashe ne. Maganin bai san saiwar harkiya daga saiwar kiri-kiri ba. Ciyawar da ta kafu saiwarta ta wuce ƙasa da inda yake, shi ya sa ba ya taɓa ta. Amma jijiyar da ke yaɗo a sama tana neman kama ƙasa, sabuwar saiwarta cikin maganin za ta shiga. Ka ɗaga jijiyar ka duba: za ka ga saiwar gajera, kanta a kumbure kamar kan ashana, ba ta shiga ƙasa ba, jijiyar na ɗagowa a hannu ba tare da ka ja ba. Filin da ya kamata ya rufe a wata biyu sai ya tsaya cak.

Don haka sabon fili sai an yanke shi sau huɗu kafin ya ga fendimetalin. Wanda kuma zai watsa iri ya bari wata uku zuwa huɗu bayan feshi, in ba haka ba irin da ya saya da tsada ne zai fara mutuwa. Inda fili ya yi sanƙo ake son cikewa, a tsallake wurin lokacin feshi a cire nasa da hannu.

Oksadiyazon, wanda aka sani da Ronstar, ba ta saiwa yake aiki ba, tsiron yake ƙonawa yayin da yake ratsa ƙasa. Shi ya sa ake sa shi a sabon dashen kiri-kiri, kuma ya fi ƙarfi a kan tuji. Amma na tsaba ake nufi, a watsa ganye na bushe, a shayar nan da nan. Na ruwa da ake sayarwa don shinkafa yana ƙona koren ganye.

Tuji kuma ku lura inda take fitowa: bakin raga, tsakiyar fili, hanyar da mutane ke yankewa. Ƙasa mai tauri take so. In ba a huda wurin da cokalin tono aka sassauta ba, kowace shekara sai ta dawo. A yi hudar kafin feshi.

Mazaunin Amurka:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. A nan ma'aunin zafin ƙasa ake bi, in ya kai wajen digiri 13 na 'yan kwanaki a farkon bazara, lokacin harkiya ya yi. Wannan lissafin ba zai yi aiki a gida ba, amma abu biyu za su yi. Na farko raba ƙima: rabi a farko, rabi bayan sati shida zuwa takwas, don kada kariyar ta ƙare tsakiyar lokaci. Na biyu sauya magani. An tabbatar a nan akwai tujin da ta daina jin dangin fendimetalin saboda an yi shekaru ana maimaita su. Frodayamin da ake sayarwa da sunan Barricade ya fi daɗewa a ƙasa, amma gida ɗaya suke da fendimetalin, komawa kansa ba sauyi ba ne. Ditiyofir, wato Dimension, yana iya kama harkiyar da ta ɗan leƙo tun ba ta yi 'ya'ya a gindi ba.

Malamin gona, Kaduna:
Raba ƙimar nan ya fi dacewa da mu, ɗan'uwa, don zafi da danshi na sa magani ya ruɓe da wuri, kuma daminar Abuja da Kaduna ta fi wata biyar. Feshi ɗaya a Afrilu ba zai kai Agusta ba. A ƙasa mai yashi irin ta arewacin Kano da Katsina a tsaya a ƙaramar ƙimar da takarda ta ba da, don babu laka da taki da za su riƙe shi. In hadari mai ƙarfi na tafe a dakata, musamman a gangare. Ruwa ba ya wanke fendimetalin zuwa ƙasa sosai, amma yana kwashe ƙasar da yake manne da ita ya tara a kwari: sama ta rasa kariya, ƙasa ta sha fiye da kima.

Hajiya mai furanni, Kano:
Malam, to jiji fa? Ita ce ba ta jin feshin nan ko kaɗan a wurina.

Malamin gona, Kaduna:
Ba za ta ji ba, Hajiya. Jiji daga 'ya'yan da ke ƙarƙashin ƙasa take tasowa, tofa kuma daga jijiya, duk sun fi ƙarfin abin da aka yi don ɗan tsiron iri. Balasa ma in an sare ta aka bar guntun, zai sake kamawa. Jiji sai ta fito da ganye uku zuwa takwas a fesa mata halosulfuron, a maimaita bayan sati shida zuwa goma in ta sake tofowa, kuma a bar yanka kwana biyu kafin feshi da kwana biyu bayansa don ganyen ya ɗauka ya kai ƙasa. In 'yan tsiraru ne, a tona da wuƙa zurfin taƙi ɗaya a bi zaren da ke haɗa 'ya'yan a cire su duka. Sannan a duba wurin, galibi inda tiyo ke yoyo ko ruwa ke kwanciya ne, sai a gyara magudanar.