Kwamfuta a ajin CI da CP: minti nawa ya dace, me za mu tambayi lakwal?

Uwar Ɗalibai, Yantala

Assalamu alaikum. Wata lakwal mai zaman kanta a nan Yamai ta ce idan an koma karatu a watan Oktoba za ta ba ƴan CI da CP (ajin farko da na biyu na firamare) kwamfutar tafi-da-gidanka, har su riƙa zuwa gida da ita. Yaran ƴan shekara 6 da 7 ne, kan iyaye kuma ya rabu. Masu sani, minti nawa ya dace yaro ya yi a gabanta? Me za mu tambayi darakta a taron iyaye kafin mu zuba kuɗi?

Malamin Firamare, Bukoki

Wa alaikumus salam, Hajiya. Aikin CI da CP shi ne yaro ya san harafi da sautinsa, hannunsa ya saba da alli da allo, sannan biro da kaye. Wanda ya ja layin "b" da "d" da yatsunsa yana rarrabe su fiye da wanda ya danna maɓalli kawai, don a kwamfuta duk haruffa dannawa ɗaya ce. Ga shi yawancin yaranmu da Hausa ko Zabarmanci suke zuwa, Faransancin sai sun ji shi daga bakin malami sun maimaita.

A ganina minti 20 zuwa 30 sun isa, sau biyu ko uku a sati, yara biyu a kan na'ura ɗaya don su riƙa magana da juna. Ku tambayi darakta: wane darasi za a yi da ita? Lokacin wane darasi za a rage? Wa ya horar da malamai? In amsar ita ce "zamani ne ya zo da shi", ba a shirya ba.

Ƙasar Peru ta raba wa ƴan firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci. Binciken da aka fitar a 2012 kan makarantun karkara sama da 300 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma lissafi da karatu ba su ƙaru ba. Suwidin ma a 2023 ta fara komawa ga littafin takarda ga ƙananan yara.

Ma'aikaciyar Lafiyar Yara

Yaya, batun zuwa gida da ita ne ya fi damuna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allon na'ura, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ƙa'idar ba ta shafi ƴan CI ba, amma ƙannensu ne za su kewaye kwamfutar a tsakar gida. Ku kuma haɗa lissafin lokacin da na salular uwa da talabijin, don ido bai san bambanci ba.

Ɗan shekara 6 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A kashe komai awa ɗaya kafin kwanciya, kada na'ura ta kwana a ɗakin yara. A aji, tsakanin ido da gilashi ya kai kamar tsawon hannu. Kowane minti 20 yaro ya ɗaga kai ya dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Wasa a waje na kusan awa biyu a yini yana rage haɗarin ciwon rashin hangen nesa. A zafinmu, da safe ko bayan la'asar. In kun ga yaro yana murza ido, yana ƙanƙance shi don ya ga allon bango, ko yana yawan kukan ciwon kai, a kai shi likitan ido.

Mai Gyaran Kwamfuta, Katako

Hajiya, ni ta wajen ƙarfen zan yi magana. Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa Afrilu da Mayu muna haura 40. A aji mai rufin kwano batir yakan kumbura har ya ɗaga maɓallan. Wanda ya kumbura a cire shi nan take, kada a huda, kada a sake caji. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, sai na'ura ta yi zafi ta mutu da kanta. A hura ta duk wata uku, a ajiye ta cikin kabad mai rufi.

Sai wuta. Caja ɗaya tana jan wat 45 zuwa 65, guda 30 sun kai wat 1,350 ko fiye. Kada a jera su duka a kan soket ɗaya mai arha, wayar za ta narke. A raba su gida uku, a sa regilata, domin dawowar wuta bayan ɗaukewa ce ke ƙona caja.

Intanet kuma ƴan CP ba sa buƙatarsa. A saka GCompris, manhajar wasannin koyo ta yara, kyauta ne, an yi shi don ƴan shekara 2 zuwa 10, yana da Faransanci, yana aiki ba intanet. A buɗe wa yaro asusu mara ikon saka manhaja, lambar sirrin babban asusu ta zauna wajen malami. Kafin ku sa hannu, a rubuta a takarda wanda zai biya in gilashi ya fashe, don shi da bakin caja ne suka fi lalacewa a hannun yara.

Uwar Ɗalibai, Yantala

Allah ya saka da alheri. Zan kai wa kwamitin iyaye shawarar a sayi guda 15 su zauna a lakwal. Malam, idan kuɗi ya ragu, littafin karatu za mu fara saya ko allunan hannu?