Wai daga Galileo fiziks ya fara?

Daga zauren tsofaffin ɗalibai na WhatsApp, Gombe

Injiniya: Jama'a, ni maganata ɗaya ce, fiziks, wato ilimin motsi da haske da makamashi, daga Galileo masanin nan na Italiya ya fara. Kafin shi duk hirar teburin mai shayi ce. Aristotle, masanin falsafar Girka na dā, ya ce abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa, aka yi kusan shekara 2000 ana haddacewa, babu wanda ya ɗauki duwatsu biyu ya saki ya gani. Galileo ne ya gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci da zubar ruwa, ya wallafa a 1638.

Malamar Fiziks: Injiniya, "babu wanda" ɗin nan ta yi yawa. Tun ƙarni na 6 Philoponus na Iskandariyya ya rubuta cewa in ka saki nauyi biyu, tazarar faɗuwarsu 'yar kaɗan ce. Sannan ina ka kai Ibnul Haisam? Haifaffen Basra ne wajen 965, ya yi aikinsa a Alƙahira. A zamaninsa masana da yawa sun ɗauka daga ido haske yake fita ya taɓa abu. Shi kuwa ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa mai shiga wuri mai duhu, hasken kowace fitila ya faɗa a bango daura da ita. Da ya rufe ɗaya, nata hasken kaɗai ya ɓace. In wannan ba gwaji ba ne, mene ne sunansa?

Ɗan Bolari: Allah ya saka, Malama! Ai dama sata Turawa suka yi, namu ne duka.

Malamar Fiziks: A'a ƙanena, kar ka ɗora mini abin da ban faɗa ba. An fassara littafin Ibnul Haisam, Kitabul Manazir, zuwa Latin, shi kansa kuwa a Turai suna kiransa Alhazen. Shi ma masanan Girka na dā, Euclid da Ptolemy, ya karanta, har ya yi wa Ptolemy raddi.

Injiniya: Haske na bar muku. Amma motsi fa? Sai 1687 Newton ya kawo doka ɗaya da ta haɗa faɗuwar mangwaro da zagayen wata. Kuma injinan wutar Dadin Kowa a kan binciken Faraday na 1831, na samar da lantarki da maganaɗisu, suke juyawa.

Kawu na Jekadafari: Ku yi haƙuri 'ya'yana, ni bokona bai yi nisa ba, amma na ga kamar tsohon nan Aristotle ya fi ku gaskiya. Saki dutse da takarda, wa zai riga?

Malamar Fiziks: Kawu, iska ce ke tare takardar. Dunƙule ta sosai ka sake gwadawa. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, tare suka sauka.

Kawu na Jekadafari: Wata dai ban je ba. Takardar kuwa bari a idar da la'asar, zan hau kan buhunan shago in gwada.

Injiniya: Malama, har yanzu ba ki amsa mini batun Newton ba fa.