Ciro fayil guda daga kaset idan sabar a kan VMware ko Hyper-V take

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Sabar fayilolinmu, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin ofis, ba ta da na'urar kanta, a kan VMware take gudana (manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar), kuma duk ƙarshen mako muna kwashe ta ɗungurungum zuwa kaset ɗin ajiyar bayanai samfurin LTO-8. An nemi in dawo da takardar Excel guda da aka goge watanni da suka wuce, sai manhajar ajiya ta nuna babu hanya sai an sauke faifan gaba ɗaya. Wanda ya taɓa cin karo da haka, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam. Malam, manhajar gaskiya ta faɗa maka. Abin da ke kan kaset ɗinka fayil ne guda ƙato, wato VMDK, wanda VMware ke adana faifan sabar duka a cikinsa, kuma takardar da kake nema a warwatse take a cikinsa. Shi kuwa kaset a jere ake karanta shi, ba ya tsallake-tsallake irin na faifai. Da abin ya same ni, sai da na samo wuri mai girman faifan duka, na sauke cikakken kwafin tare da ƙananan kwafe-kwafen canje-canjen da suka biyo bayansa, waɗanda ke kan kaset daban-daban, sannan na ɗora faifan a matsayin na karatu kawai na ciro fayil ɗin. Kamar a zazzage rumbu ne don neman zangarniya ɗaya. Neman wurin saukewar ma ya fi karatun kaset ɗin cin lokaci. Kada ka kunna sabar da ka dawo da ita alhali tana haɗe da layin ofis, domin sunanta da adireshinta za su yi karo da na wadda ke aiki.

Amsa ta biyu: Tamu a kan Hyper-V take, wato takwarar VMware ta Microsoft, faifan kuma VHDX ne, takwaran VMDK. Na ɗora shi lafiya, sunayen fayiloli duk suka bayyana, amma ko ɗaya ya ƙi buɗuwa. Dalili shi ne faifan yana da tsarin cire maimaici (mai ajiye bayanan da suka maimaitu sau ɗaya kawai don rage cin wuri) wanda Windows Server ya zo da shi tun 2012, kuma na'urar da na ɗora shi a kai ba ta da tsarin. Da na mayar da aikin kan sabar da aka kunna mata shi, komai ya buɗe. A kuma duba izinin NTFS, wato ƙa'idar Windows ta wa zai iya buɗe fayil, bayan kwafi, don fayil yakan gaji izinin sabon wurinsa.

Amsa ta uku: Ga masu tsofaffin kaset: na'urar LTO-7 tana karanta na 5 da na 6, amma ta LTO-8 na 7 kawai take karantawa daga cikin tsofaffin. Shi ya sa har yau muke ajiye da tsohuwar na'urarmu.

Amsa ta huɗu: Mu yanzu aiki biyu muke turawa kaset: hoton sabar duka saboda ranar babbar asara, da kwafin fayiloli ɗaya bayan ɗaya wanda manhaja ke riƙe da kundinsa, ta yadda za ta gaya maka lambar kaset ɗin da za ka saka. Hakan ya fi cin kaset, kuma miliyoyin ƙananan fayiloli suna rage gudu sosai, amma a ganina ya cancanta. Malam, wace manhaja kuke amfani da ita, kuma kundinta ya kai watan da aka goge takardar?