Neman kalma: me za mu kira flap da speed brake na jirgin sama?

Jama'a, ku taimaka mini da kalmomi biyu. Ina shirya wa ɗalibaina bayani kan mutanen da ke ƙera ƙananan jiragen sama a garejin gidajensu a Amurka, irin waɗanda ke taruwa duk shekara a Oshkosh da ke jihar Wisconsin. Sai na iso inda mai ƙira yake auna ko ya ƙara wa jirginsa flap ko speed brake. Na rubuta "birki" ga duka biyun, da na sake karantawa na ga ƙarya na shirga wa yaran.

Bari in fara nuna muku abubuwan, kada mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba.

Flap wani yanki ne a gefen baya na fiffike, daga ɓangaren da ke kusa da gangar jirgi, yana kan hinji kamar ƙyaure. Wanda ya taɓa zama jikin taga a jirgin alhazai ya gan shi: ana dab da sauka sai ka ji gurnani, ka ga bayan fiffike yana zazzagowa ƙasa. Idan ya sauko, fiffiken ya ƙara lanƙwasa, sai ya iya riƙe jirgi a sama ko da gudu ya ragu. Amfaninsa ke nan: a sauka a hankali, a tsaya a gajeren fili. A ƙaramin jirgi mai suna Cessna 172 ana sauke shi mataki-mataki, digiri 10, 20, 30. Yana rage gudu kam, amma wannan rabin aikinsa ne.

Shi kuwa speed brake ba ruwansa da ɗaga jirgi. Allo ne kawai da ake turowa cikin iska don ya tare ta. Misalin da na fi so shi ne jirgin Long-EZ, ƙirar injiniya Burt Rutan, jirgin da ya fara tashi a 1979. Jirgin santsi gare shi kamar tarwaɗa, ka rage wuta ya ƙi rage gudu, ga shi kuma ba shi da flap, domin ƙaramin fiffikensa a gaba yake, ba a wutsiya ba. Da an sa wa babban fiffike flap, hanci zai dulmiya ƙasa, na gaban ba zai iya tallafe shi ba. Sai Rutan ya sa masa allo a ƙarƙashin ciki, matuƙi ya buɗe shi lokacin sauka.

To, ku kawo.

Ƙari, bayan na karanta amsoshi: na gode ƙwarai, ban zaci abin zai yi zafi haka ba.

Mutum biyar ko shida sun ce "birkin iska" ga speed brake, ni ma har na fara murna. Sai wani bawan Allah direban tirela ya shigo ya ce, "Malam, a yi haƙuri, wannan sunan yana da mai shi." Gaskiyarsa. Birkin iska a bakin direbobi shi ne na manyan motoci, wanda iskar da aka matse a tanki take danna shi, mai yin "fisss" idan an tsaya. A can iska ce ke kama birki, a nan kuwa iska ake tarewa. In muka ba su suna ɗaya, yaron da ya tashi a tasha zai ɗauka akwai tankin iska a cikin jirgin. Na janye.

An kawo "matarin iska". Ma'anar ta fito, amma gilashin gaban mota ma yana tare iska, labule ma haka. Wata baiwar Allah malamar makaranta ta ce tunda allo ne, kuma birki yake yi, me zai hana "allon birki"? Na juya shi a baki sau uku, ya zauna. Har ma ya dace da irin wanda ke fitowa daga saman fiffike, kamar na jiragen Mooney, don su ma faranti ne a tsaye. Hajiya, Allah ya ƙara basira.

Rigimar tana wajen flap. Wani dattijo da ya ce ya yi aikin gyaran jirgi a Kaduna ya rubuta cewa su "filaf" suke cewa tun suna samari, ba wanda ya taɓa ruɗewa. Baba, ban musa ba, kuma ku ne kuka riga mu taɓa abin da hannu. Mutane da yawa ba su san cewa Air Beetle, jirgin koyon tuƙi da aka harhaɗa wa sojojin saman Najeriya a Kaduna, daga RV-6A aka samo shi ba, wato ɗaya daga jiragen kamfanin Van's da ake sayar wa masu ƙira a gida. Saboda haka "filaf" ba baƙo ba ne a garejin jirgi. Matsalata ita ce ɗalibin da bai taɓa shiga garejin ba: ka ce masa filaf, bai ga komai ba.

"Ƙyauren fiffike" ya zo, amma ƙyaure buɗe hanya yake yi, wannan kuwa ba abin da ke wucewa ta cikinsa. "Wutsiyar fiffike" za ta rikice da wutsiyar jirgin kanta. Wanda ya kama ni shi ne "leɓe". Leɓe a gefe yake, yana sakkowa, yana komawa. Duba leɓen raƙumi na ƙasa idan ya sake shi. Wani ya ce a kira shi "leɓen sauka", sai aka tuna masa ana ɗan sauke shi wajen tashi ma, musamman a gajeren fili. Don haka "leɓen fiffike" kawai.

Na san akwai ɗan'uwansa can wajen ƙarshen fiffike, wanda na dama ke hawa idan na hagu ya sauka don jirgi ya karkata. Shi ma leɓe ne a siffa. Na ajiye masa "leɓen karkata" na wucin gadi, mu yi nasa zaman daban, don akwai jirage irin Kitfox da suka haɗa aikin biyu a yanki guda.

Ga yadda jimlar ta koma a takardar ɗalibai: "Jirgin ba shi da leɓen fiffike, sai mai shi ya ƙara masa allon birki a ƙarƙashin ciki don ya daina wuce filin sauka." Baba na Kaduna, na sa "filaf" a gefen shafi da jan biro.